Nauyin da Na Sauke a Jos

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a kaina a garin nan, na kuma san ta iso kunnuwanku tun wasunku suna ƙanana, ko da yake babu wanda ya taɓa tunkarata da ita a cikinku. Ana cewa wai uwarku ta je Jos an yi mata gyaran jiki don ta koma yarinya. An faɗa a wajen biki, an faɗa a wajen makoki, har a cikin motar Doma na taɓa jin wata tana ba wata labarina, ba ta san ni ce zaune a bayanta ba. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma yanzu babanku ya rasu, Inna kakarku ta rasu, waɗanda suka san yadda aka yi daga farko har ƙarshe sun ƙare saura ni, to gara ku ji daga bakina. Mazan cikinku ku yi haƙuri da abin da za ku karanta. Ni ma ba da sauƙi nake faɗarsa ba.

Jikin gidanmu ne. Inna mai ƙirji ce, haka yayyenta mata, amma nawa ya wuce na kowa. Tun da na yaye Sadiya nonon ya ƙi komawa, kowace haihuwa kuma sai ya ƙaru, har ya kai bayan na haifi auta idan na zauna a kan cinyata yake sauka. Rigar mama ta kasuwa ba ta shigata, wata tela a unguwarmu ce ke ɗinka mini da yadi mai kauri, igiyar kuwa ta haƙa mini rami a kafaɗu biyun, ramin yana nan har yau. Idan bazara ta shigo, kun dai san zafin Lafiya, ƙarƙashin sai ya saɓule ya yi jawur yana ruwa. In sa hoda, in sa tsumma, in shafa man kaɗanya, duk da haka ina jin wari a jikina ko yanzu na fito daga wanka. Wuyana da bayana ba sa hutawa, yatsun hannuna su yi sanyi kamar ba nawa ba, barci kuwa sai a jingine, don in na kwanta rigingine numfashi ke ɗaukewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na koma salla a zaune kamar tsohuwa tukuf, don in na yi sujada ba na iya tasowa sai na dafa bango.

Mutum ɗaya ce ta san abin da nake ji ba sai na faɗa ba, ita ce Maman Ladi. 'Yar Eggon ce, Kirista, rumfarta na jikin tawa a kasuwa. Ni ina sayar da agushi da riɗi, ita garin rogo da manja. Irin jikina gare ta, irin tafiyata take yi, a sunkuye. Idan rana ta take muka rasa masu saye, sai mu ja zani mu kare, kowa ta ɗaga nata ta sha iska. Ita ce mai mayar da abin wasa.

"Maman Sadiya," in ji ta, "ni da kai Allah ya ba mu kaya ɗaya. Wasu suna ɗauka a kai, mu muna ɗauka a gaba. Wahalan shi ne namu ba a saukewa."

A farkon bazarar shekarar da nake ba ku labari ta zo kasuwa da murna, ta ce ta samo mana likita. An buɗe sabon asibiti a bakin gari wajen Akurba, mai shi ya yi karatu a ƙasar waje, ya ce zai rage mata, ta shiga da safe ta koma gida da yamma. Muka rufe rumfa muka hau mashin muka je. Gidan haya ne aka yi masa farin fenti. Bangon ofishin cike yake da takardun shaida a cikin gilashi, da hotunansa tsaye a tsakiyar Turawa. Matashi ne mai fara'a, ya nuna mana hotunan mata a wayarsa, ga yadda suke da, ga yadda suka koma. Bai auna jinina ba, bai tambaye ni ko ina da wani ciwo ba. Ya dube ni daga inda yake zaune ya ce ƙaramin aiki ne, Hajiya, kar ki damu. Na fito ina jin kamar an riga an yi.

Na gaya wa babanku. Kun san halinsa, dillalin doya ne, ba ya yanke magana sai ya juya ta ta kowane gefe. Washegari ya je wurin da kansa. Da ya dawo bayan la'asar ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Na je," ya ce. "Ni ban iya karanta abin da ke jikin bangon nan ba. Na ce masa wa ya koya maka wannan aikin, ya nuna mini bango. Na ce a hannun wa ka zauna, ya sake nuna mini bango. Na ce in jini ya tsinke fa, ina wanda za ka ƙara mata? Ya ce ba ya tsinkewa."

"To ai ka ji, Malam," na ce.

"Na ji. Hankalina ne bai kwanta ba. Ba za ki je ba."

Na yi kuka ranar. Na ce masa ba a jikinsa abin yake ba, shi ya sa. Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba na zama.

Maman Ladi ta tafi ita kaɗai ranar wata Asabar. Da azahar 'yarta Ladi ta faɗo gidanmu ba ko ɗankwali, ta ce jini ya ƙi tsayawa, an sa mamanta a Keke an nufi asibitin gwamnati. Ashe a asibitin mutumin nan babu jini ko leda ɗaya, babu likitan da ke sa barci, shi ne mai yanka shi ne mai allura, da wata yarinya mai miƙa masa almakashi. Likitocin gwamnati sun yi iyakar ƙoƙarinsu, aka ƙara mata jini, amma ciwon ya riga ya ruɓe daga ciki. Na je na same ta a kan gado, fuskarta ta faɗa, leɓɓanta sun bushe. Ta kama hannuna ta ɗora a saman ƙirjinta inda aka naɗe da bandeji.

"Maman Sadiya, ka san wani abu? Ya yi sauƙi fa. Na ja numfashi ya kai har ciki. Tun ina yarinya ban ji haka ba."



"Kar ka je wurin mutumin nan," ta ce. "Amma ka nemi wanda ya iya. Abeg, don Allah, kar ka mutu da kayan nan."

Ba ta kai mako ba. Na bi gawarta har ƙauyensu a gindin duwatsu, na zauna a bayan coci tare da matan kasuwa har aka gama. Daga baya muka ji cewa mutumin likita ne da gaske, ya gama makarantar likitanci, amma bai taɓa koyon tiyata ba. Takardun bangon na halartar wani ɗan kwas ne na 'yan makonni, inda ya zauna ya kalli wasu suna yi. Kafin a neme shi ya kulle gidan ya bar gari.

Bayan wannan, maganar wuƙa ta zama abin da ba a ambata a gidanmu. Inna tana tare da mu tun rasuwar mahaifina, ɗakinta shi ne na kusa da rijiya. Ranar da na dawo daga jana'izar ta kira ni, ta ce in gode wa Allah da ya ba ni miji mai hankali, in kuma cire abin daga raina har abada. Na ce to. Na ɗauka shi ke nan. Rumfar da ke jikin tawa ta zauna a rufe duk daminar, ni kuma ciwon ya ci gaba, har hannuna na dama ya fara sakin mudu ina cikin awo.

Abin da ban sani ba shi ne babanku bai bar maganar ba. Shi da ya hana ni, shi ne ya shiga nema. Ya fara zuwa wurin malaminsa ya tambayi hukunci, malamin ya ce masa a bambanta mai neman ƙawa da mai neman lafiya, cire abin da ke cutar da jiki magani ne, ba raina halittar Allah ba ne. Sannan ya sami wani dattijon likita da suke salla a sahu ɗaya, ya cire kunya ya gaya masa komai. Wannan likitan ne ya duba ni, ya ce aikin ba nasa ba ne, ba kuma na kowane likita ba ne, akwai waɗanda suka ƙware a kansa, ya tura mu asibitin koyarwa a Jos.

Ranar da muka fara zuwa, na zaci zan tarar da 'yan mata masu ƙumba da gashin kanti. Abin da na tarar a layin daban ne. Ga wata mata da risho ya fashe mata, haɓarta ta manne da ƙirji. Ga jarirai masu tsagaggen leɓe a bayan iyayensu. Ga wani Bafulatani makiyayi da adda ta raba masa tafin hannu, an ɗinke masa jijiyoyi yana koyon motsa yatsu. Duk likita ɗaya suke jira, shi ne nawa. Dattijo ne mai furfura, ba mai yawan dariya ba. Ya sa ma'aikaciyar jinya mace ta tsaya tare da mu, ya duba kafaɗuna, ya duba bayana, ya duba inda ya saɓule, ya yi ta tambaya har na gaji. Da ya gama, babanku ya gyara zama ya yi masa tambayar da ya yi wa wancan.

"Likita, kar ka ji haushi. Wa ya koya maka wannan aikin?"

"Ba zan ji haushi ba, Alhaji," ya ce. "Da kowa zai tambaya haka da mun huta."

Ya ajiye biro ya ba mu amsa a tsanake. Ya ce bayan shekara shida na makarantar likitanci da aikin koyo da bautar ƙasa, sai da ya koma ya zauna a ƙarƙashin manyan likitocin tiyata shekaru masu yawa, yana riƙe musu kaya, yana ɗinke abin da suka yanka, kafin a bar shi ya yanka suna tsaye a kansa. Ya ambaci sunayen malamansa da asibitocin da suke. Ya ce ya zauna jarrabawa a gaban dattawan sana'ar, ya faɗi sau ɗaya, ya koma ya sake. Ya ce kar mu yarda da bakinsa kawai, akwai hukumar da ke yi wa likitoci rajista, a sa wani mai boko ya bincika sunansa da fannin da aka yarje masa. Babanku kuwa sai da ya sa aka bincika.

Sannan ya juyo gare ni, ya faɗa mini abin da wancan bai faɗa ba. Ya ce babban aiki ne. Za a sa ni barci na sa'o'i, zan zubar da jini, tabo zai zauna har ƙarshen raina, wataƙila wani wuri ya mutu in daina jin taɓawa, wataƙila ɗinkin ya buɗe. Ya ce akwai wadda ake sa wa barci ba ta farka ba, ba kasafai ba, amma ba zai ɓoye mini ba. Ya tambaya ko na gama haihuwa, don shayarwa za ta iya gagara. Daga ƙarshe ya ce ba zai taɓa ni yanzu ba, jinina ya hau, ga shi kuma ya yi ƙaranci, in koma gida in sha magani, a yi hoton nonon a tabbatar babu wata cuta a ciki, in dawo da kaka. Na fashe da kuka a gabansa, na ce na sha hanya tun daga Lafiya.

"Na sani, Hajiya," ya ce. "Ina so ki sake shan hanyar ki koma wurin 'ya'yanki da ƙafarki."

A mota, muna gangarowa wajen Akwanga, babanku ya ce da ni wannan ya yarda da shi, saura ni.

Saura Inna kuma. Mun ɓoye mata har aka sa rana, sannan babanku ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaya mata. Ba ta amsa masa ba, don tana jin nauyinsa. Ni ta jira. Da safen da za mu tafi na shiga yi mata sallama, na same ta zaune a bakin gado da carbi.

"Nonon da ya shayar da yaran nan duka," ta ce, "shi za ki kai wa wani namiji ya yanka ya zubar a shara?"

"Inna, ba na iya sujada."

"Allah ya san ba kya iyawa. Ya ce ki yi a zaune, bai ce ki kai kanki mahauta ba. Ba ki ga ƙawarki ba? Ni na binne 'ya'ya huɗu, Uwani. Ba zan zauna a gidan nan in jira a shigo mini da ke a naɗe ba. In kika fita ƙofar nan, ba za ki dawo ki same ni ba."

Na durƙusa na kama ƙafarta, ta janye. Na daɗe a wurin. Ku sani, tun da aka haife ni ban taɓa tsallake maganarta ba sai ranar. Na ji babanku yana gyaran murya a zaure, na dafa bango na tashi, na ce ta yafe mini, na fita. Har muka wuce garin Shabu ina jiran in ce direba ya tsaya, ban ce ba.

A Jos an yi komai yadda ya faɗa. Babanku da yayanku Usman suka ba da jini aka ajiye. Likitan ya sa na tsaya a tsaye ya zana jikina da alƙalami, yana aunawa yana gogewa, kamar ba zai gama ba. Wata likita mace, wadda aikinta kawai sa barci da tsaron numfashi, ta riƙe hannuna ta ce in yi addu'ar da na saba. Da na farka, kafin zafi ya zo, abin da na fara ji shi ne iska ta shiga ta kai har ƙasan cikina. Sai na tuna maganar Maman Ladi a kan gadonta. Ma'aikatan suka zaci zafi ne ya sa ni kuka, suka kawo allura. Abin da aka cire kuwa, an ɗebi kaɗan an kai gwaji, sauran babanku ya roƙa aka ba shi, ya naɗe a farin ƙyalle ya kai maƙabarta ya binne da hannunsa.

Warkewar ba ta zo da sauƙi ba. Ɗinkin ya buɗe a gefe ɗaya, na yi watanni ana wanke shi ana sa magani. Ɓangaren hagu ya mutu, har yau in na taɓa kamar jikin wani nake taɓawa. Tabon yana nan, babba ne, wadda za ta yi mini wanka in na mutu za ta gani, kar ta tsorata. Amma ranar da na fara kai goshina ƙasa na taso ba tare da na dafa komai ba, na daɗe a kan sallaya ban iya tashi ba, ba don nauyi ba.

Inna ta cika maganarta. Na dawo na tarar da ɗakin kusa da rijiya a share, ta kwashe kayanta ta koma Shabu gidan ƙanena, kawunku Garba. Daga wannan ƙaurar ne maganar ta fita gari, don mutane sun tambayi abin da ya raba uwa da 'ya, kowa kuma ya ƙara nasa. Matan da muke karatun Islamiyya tare wasu suka daina zama kusa da ni. Wannan bai dame ni ba kamar Shabu. Duk Juma'a sai na je. In yi sallama, ta amsa tana kallon bango. In ajiye tuwo da miyar kuka irin wadda take so, in na dawo mako mai zuwa matar Garba ta miƙo mini kwanon a wanke, ta ce yara ne suka ci. Babanku ya je, malaminsa ya je, ta saurare su da ladabi ta ce ta ji. Haka muka ci azumi, haka muka ci salla, ban ji sunana a bakinta ba.

Da damina ta zagayo aka aiko cewa Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Bayan an sallamo ta daga asibiti na je na tarar da ita kwance, matar Garba ga tsohon ciki ba ta iya ɗaga ta, Inna kuma ta ƙi yarda ɗanta namiji ya kai ta wanka. Ta kwana biyu ba a yi mata ba. Ban tambayi kowa ba. Na ɗora ruwa, na ɗaura zani, na zauna a bakin gadon na juya mata baya, na jawo hannunta mai lafiya na ɗora a kafaɗata. Na zaci za ta ture ni. Ba ta ture ni ba. Na goya ta na miƙe tsaye, ni da a bara ko jarkar ruwa ba na iya ɗagawa. Muna tsakiyar tsakar gida na ji ta kwantar da kumatunta a tsakanin kafaɗuna. Bakinta ya karkace, maganar ba ta fita sosai, sai da ta maimaita na gane.

"Uwani. Bayanki ya miƙe."

"Ya miƙe, Inna."

Na yi mata wanka, na shafa mata mai, na sa mata kaya. Da yamma ta ce wa Garba ya nemo mota, gida za ta koma. Ta yi sauran kwanakinta a wurina, ni nake goya ta safe da yamma har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yafe ba. Maganar nan ta tsakar gidan Shabu ita kaɗai ta taɓa yi a kan aikin, ni kuma ban nemi ƙari ba.